Goggo Taifis da Folda Cikin Folda

A gidan rediyon babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Daga shugaba har masinja Goggo Taifis suke cewa, har 'ya'yan cikinta ma idan tsokana ta motsa musu haka suke kiranta. Shekara ashirin da tara ta yi a ɗakin labarai tana buga rubutu, da farko a kan keken rubutu mai ƙararrawa, daga baya a kan kwamfuta, kuma ba a taɓa ganin ta sunkuya ta dubi yatsunta ba. Tana bugawa tana hira, tana bugawa tana yi wa ɗan jarida faɗa don ya manta da lanƙwasar harafi.

Mahaifinta mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa. Ita ce ta uku cikin 'ya'yansa bakwai, kuma ita kaɗai yake bari ta taɓa masa tebur, don ba ta haɗa ƙananan kusoshi da manya a gwangwani ɗaya. Da ta gama sakandare ta shiga makarantar koyon buga rubutu da ke saman wani shagon taya, ta fito da takardar shaida cikin wata tara. Ta auri malamin lissafi, dogo marar yawan magana, wanda yanzu ya yi ritaya ya koma kiwon tattabaru a bayan gida. Sun haifi huɗu, duk sun girma sun kama gabansu.

Da zamani ya juya kowane ɗan jarida ya koma buga labarinsa da kansa, sai aikinta ya ƙare tana zaune. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, ba a san inda za a kai ta ba, aka ce ta koma ɗakin ajiyar muryoyi. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, taga ɗaya, fanka mai kuka, da kantoci cike da tsofaffin kaset da ba wanda yake kunnawa. An riga an juye kaset ɗin cikin faifan kwamfuta guda bakwai, baƙaƙe, kowanne kamar sabulun wanki. Sai dai shekara goma aka yi ana juyen, hannu ya fi ashirin, kowa kuma da yadda ya ga dama ya adana. Za ka buɗe folda mai suna "Sabo", ka tarar da "Sabo sabo" a ciki, a cikin wannan kuma "Na gaske", a ƙarƙashinsa "Kar a taɓa". Akwai wata folda da ake kira "Kayan wancan faifan", ba wanda ya san wane faifan ake nufi.

Wata uku tana share ƙura tana shan shayi, sai ranar wata Litinin shugabar gidan ta shigo da kanta.

"Goggo, aiki na kawo miki," in ji ta. "Gidan nan zai cika shekara arba'in. Ina so mu yi shiri na awa biyu da muryar Baba Sanarwa, tun daga ranar da ya buɗe tashar. Duk abin da ya karanta, ki tattaro mini shi. Mako shida gare mu."

Baba Sanarwa shi ne mutum na farko da ya yi magana a tashar. Ya haura tamanin yanzu, yana gida, amma har gobe idan tsofaffi suna hirar rediyo sai sun kwaikwayi yadda yake jan gaisuwar safe. Goggo ta buga masa labarai shekara goma sha ɗaya. Ta ce, "Ranki ya daɗe, an gama," tun kafin ta tuna da abin da ke cikin faifan nan bakwai.

Ta fara da hannu. Ta buɗe folda, ta duba, ta shiga ta ciki, ta fito, ta manta ta inda ta shiga. Akwatin bincike na kwamfutar kuwa idan ta saka masa kalma sai ya yi ta juyi har shayinta ya huce, sannan ya kawo mata rabi, kuma ba ya ba ta jerin da za ta buga a takarda. Mako biyu cif ta samo fayil ɗari biyu da goma sha biyu, ba ta ma gama faifai na farko ba. Wuyan hannunta ya kumbura har ta ɗaure shi da bandeji.

A haka Injiniya ya same ta. Shi ne mai kula da na'urorin tashar, ɗan shekara arba'in da wani abu, kullum da sukundireba a aljihun riga, kullum kuma ana nemansa a wuri uku. Fankar ya zo dubawa, ya ga bandejin.

"Goggo, faɗuwa kika yi?"

"Folda ce ta kayar da ni, ɗana."

Ya leƙa allon, sannan ya jawo kujera. Ya ce ai akwai hanyar da mutum zai rubuta wa kwamfuta umarni ta yi wahalar da kanta. Ya buɗe wani farin shafi ya rubuta layi biyar da wani yaren kwamfuta da ya ce ana kira Faiton, sunan da ke nufin mesa. Ya danna, sai ga sunayen duk fayilolin da ke folda ɗaya sun jeru kafin ta ƙifta ido.

Goggo ta gyara zaman tabarau. "Sake in gani."

Ya sake. Ta ce ya tashi. Ta goge layukan ta buga su da kanta daga ka, har da tazarar da ya bari a farkon kowane layi, ta danna, suka yi aiki. Injiniya ya dube ta, ya ce shi sai da ya yi kwana uku kafin ya daina manta ɗigo biyun ƙarshen layi.

"Shekara talatin ina buga abin da ban san ma'anarsa ba," ta ce, "balle wannan da za ka gaya mini ma'anarsa. Wannan layin me yake cewa?"

Ya fara yi mata bayani ke nan wayarsa ta yi ƙara. Tsawa ta faɗa wa eriyar tashar da ke kan dutse, tafiyar awa huɗu a mota, kuma sai ya yi kwanaki a can. Ya zaro wani ɗan littafin koyon yaren daga jakarsa, bangonsa duk man inji, ya ajiye mata ya fita da gudu.

Tun daga ranar Goggo ta daina jin kukan fanka. Layukan Injiniya folda ɗaya kawai suke dubawa, ba sa shiga ta ciki. Sai ta ƙara wasu layuka da za su shiga hawa na biyu. Suka yi aiki, ta yi tafi ita kaɗai a ɗaki. Ta ƙara na hawa na uku, da na huɗu. Kafin Juma'a ta kai hawa bakwai, rubutun ya cika shafi biyu yana ta matsawa dama kamar matakalar bene, sai kuma ta ci karo da wata folda mai hawa goma sha ɗaya. Ta buga rubutun a takarda ta tafi da shi gida ranta a jagule.

Ranar Asabar da hantsi Malam yana watsa wa tattabaru hatsi, ita kuma tana kan tabarma da takardar da jan biro. Ya zo wucewa da kwano, ya tsaya a kanta.

"Innar yara, wannan wace irin jarrabawa ce?"

Ta yi masa bayani a taƙaice, ba ta sa ran komai ba, don Malam ko saƙon waya sai ya kira ta ta buɗe masa. Ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa.

"Ni ban san yaren nan ba," ya ce, "amma na ga abu ɗaya kike ta maimaitawa. Idan kin buɗe folda da hannunki, me kike yi?"

"In bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. In fayil ne in duba sunansa. In folda ce in shiga."

"In kin shiga fa?"

"In bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya mana. In fayil ne..." Ta tsaya.

"To," in ji Malam.

"In sake yin abin da na yi."

"To ki gaya masa hakan. Ki ba aikin suna, ki ce masa duk inda ya ga folda ya kira wannan sunan a kanta."

"Ya kira kansa da kansa? Yana tsakiyar aikin?"

"Mu a lissafi mun daɗe muna yi. Abin kula ɗaya ne, a samu inda zai tsaya. Naki kuwa zai tsaya, tunda dole a kai foldar da babu wata a cikinta."

Goggo ta miƙe tsaye har biro ya faɗi, tattabarun suka tashi fir. Ta ɗauko littafin Injiniya ta yi ta buɗawa har ta kai shafin da ke nuna yadda ake ba aiki suna. Ta juya bayan takardar ta rubuta layi takwas. Ta karanta su sau biyu, ta ga shafi biyun nan duk sun shige cikinsu.

"Malam, tayar da babur."

"Yau Asabar."

"Na san Asabar ce. Ni ba zan kai Litinin ba."

Haka ya ajiye kwanon hatsi ya goya ta, tana riƙe da takardar a ƙirji kamar za a ƙwace. Maigadi ya buɗe musu yana tambayar ko lafiya. A ɗakin ajiya ta zauna, ta sa wa aikin suna "leƙa". Ta yi shakkar ko yaren zai karɓi harafi mai lanƙwasa, ta gwada, ya karɓa ba musu, abin da ya ƙara masa daraja a idonta. Ta gaya masa ya nemo duk fayil ɗin da sunansa ke ɗauke da kalmar "sanarwa", ta nuna masa bakin faifai na farko, ta danna.

Sunaye suka fara zubowa. Abin da ta yi mako biyu tana tona ya wuce ta gabanta kafin Malam ya sami wurin zama. Ga "Kar a taɓa" an shiga an fito, ga wasu foldoji da ba ta taɓa sanin suna nan ba. Ta kama hannun rigar Malam tana jijjigawa.

"Ka gani? Ka ga yadda yake shiga?"

"Ina gani. Sakar mini riga."

Faifai na farko da na biyu suka wuce lafiya. A na uku ne murna ta fara komawa ciki. Lissafin ya haura dubu goma, ya haura ashirin, bai nuna alamar tsayawa ba. Goggo ta matso da fuska, ta ga suna ɗaya ne yake ta dawowa, sai dai adireshinsa yana ƙara tsawo, "Tsoho" a cikin "Ajiya" a cikin "Tsoho" a cikin "Ajiya". Ta tsayar da shi.

"Kai ka ce dole ya tsaya," ta ce wa Malam.

"Na ce in akwai ƙarshe. Wannan kuwa zagaye yake yi."

Ta kira Injiniya. Yana can saman eriya, iska tana kaɗa wayar, da ƙyar take jinsa. Da ta karanta masa layukan sai ya ce wa ya rubuta mata. Ta ce ita da mai tattabaru. Dariya ta kusa sauko da shi. Sannan ya amsa laifi: shekarun baya shi ne ya saka wasu 'yan mahaɗai a faifan nan, abin da ke kama da folda amma hanya ce kawai mai mayar da mutum wata foldar ta sama, don ya rage wa kansa zagaye. Ya ce ta duba wajen ƙarshen littafin, akwai yadda ake tambayar abu ko mahaɗi ne, in shi ne a tsallake.

Layi biyu ta ƙara. Wannan karon faifai bakwai suka ƙare kafin Malam ya gama shan ruwan da maigadi ya kawo masa. Fayil ɗari shida da arba'in.

Malam ya ce to alhamdulillahi, a tafi gida. Goggo ba ta motsa ba. Ta ɗauko littafinta na hannu inda ta rubuta ɗari biyu da sha biyun farko, ta bi su da yatsa. Talatin da ɗaya daga ciki ba sa cikin sabon jerin. Ta jera su a gefe ta zuba musu ido, kuma a nan ne tsohuwar sana'arta ta yi mata rana. Duk da manyan baƙaƙe aka rubuta su. A wurin kwamfuta "SANARWA" daban, "sanarwa" daban. Ta nemo yadda ake mayar da suna ƙananan baƙaƙe kafin a gwada shi, lissafi ya tashi zuwa dubu ɗaya da ɗari tara.

Daga nan abin ya zame mata farauta. A makon da ya biyo baya ta tuno da hannun kowane ma'aikacin da ya yi juyen kaset. Akwai wanda kullum yake cin harafi, shi zai rubuta "sanrwa". Akwai mai gajarce komai, ita "BS" za ta sa. Akwai malalacin da yake ba folda suna ya bar fayilolin ciki da lamba kawai, don haka ta sa leƙa ya riƙa duba adireshin gaba ɗaya, ba sunan fayil kaɗai ba. Kowace dabara ta ƙara sai lissafi ya yi tsalle, ita kuma ta fito baranda ta tare duk wanda ya zo wucewa ta gaya masa sabon adadi. Masinja ya koma bi ta bayan gini.

Ranar da Injiniya ya dawo, fuska duk ta ƙone da rana, ta ajiye masa jerin a gabansa: fayil dubu uku da ɗari huɗu da shida, kowanne da adireshinsa da girmansa, an jera su bisa shekara. Ya karanta rubutun nata a tsaye. Ya ce akwai wani umarni da yaren ya zo da shi wanda yake yin wannan shiga da fitar da kansa, layi uku ya isa.

"Ka nuna mini," ta ce. "Amma nawa ba zan goge ba."

"Wa ya isa ya ce ki goge, Goggo."

Shugaba da ta ga takardun sai da ta zauna. Shirin awa biyu ya koma na mako guda, kuma ta aika mota a ɗauko Baba Sanarwa ya zaɓi abin da yake so da kunnensa. Ya zo da sanda, babbar 'yarsa tana riƙe da shi, ya ƙi zama a ofishin shugaba ya ce a kai shi wurin Taifis. Ma'aikata suka cika ɗakin har baranda.

Ta kunna masa gaisuwar ranar farko. Murya ta fito garau, ta saurayi ɗan shekara arba'in. Tsohon ya rufe ido yana motsa leɓe tare da ita. Da ta ƙare kowa ya zuba masa ido ana jiran abin da zai ce.

"Na yi sauri," in ji shi. "Ji yadda na haɗiye ƙarshen jimla. Da ni ne shugaba da na ba yaron nan takardar gargaɗi."

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani tsohon mai haɗa sauti ya ce tunda yau ranar tono ce, a nemo ranar da Baba ya yi dariya a tsakiyar labaran rana. Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce ƙarya ce ake yi masa shekara da shekaru, shi bai taɓa dariya a kan iska ba. Mai haɗa sautin ya ce kyanwa ce ta faɗo daga silin ta sauka a kan takardun, kuma da hannunsa ya rubuta "kyanwa" a jikin kaset ɗin.

Duk ido ya dawo kan Goggo. Ta canza kalma ɗaya a rubutunta, ta danna. Fayil ɗaya ya fito, a hawa na tara cikin faifai na shida. Ta dubi Baba.

"Baba, in kunna?"

"Kunna, ai gaskiyata ce za ta fito."

Muryar ta fara karanta labarin gyaran wata gada cikin natsuwa. Sai aka ji wani ƙara, da kukan kyanwa, da shiru na ɗan lokaci. Sannan muryar ta ce "gadar... gadar..." ta kece da wata irin dariya mai sheƙewa, har ana jin mutum yana dukan tebur. A ɗakin ajiya wasu suka durƙusa, shugaba tana share hawaye da gefen mayafi, 'yar Baba ta jingina da kanta. Tsohon ya ɗaure fuska iya ƙarfinsa, daga baya kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Ku sa shi a shirin," ya ce da ya samu numfashi. "Amma a faɗa wa jama'a kyanwar ce ta fara."

Watanni goma sha tara da suka rage mata, ɗakin ƙarshen baranda ya zama wurin layi. Mai shirin manoma yana neman hirar da aka yi shekara ashirin baya, sashen wasanni suna neman wani tsohon sharhi. Ta rubuta wani umarnin da ya gano fayilolin da aka juye sau biyu da sau uku, aka sami sarari kusan faifai biyu. Ta koya wa mata biyu daga ɗakin labarai, tana yi musu faɗa a kan tazarar farkon layi kamar yadda take yi a kan lanƙwasa. An roƙe ta ta ƙara shekara, ta ce a'a, gwiwoyinta sun gaji da matakalar gidan.

Babbar 'yarta ta saya mata kwamfutar hannu ta gwanjo ranar da ta yi ritaya, ta ce ta riƙa kallon hotunan jikoki. Ba a yi wata ba ƙanwar Goggo, wadda take aikin ajiyar bayanai a wani ƙaramin asibiti, ta zo da kuka: hotunan ƙashi na shekara takwas suna warwatse a kwamfutoci uku, likita yana neman na mutum ɗaya a yi yini guda ba a samu ba. Goggo ta tambaye ta yadda suke ba fayil suna, da ko mutum nawa ne suka yi aikin, ta rubuta amsoshin a bayan ambulan.

Ranar Litinin da safe ta saka kwamfutar a jakar hannu ta fito tsakar gida za ta asibitin. Malam ya riga ya goge babur, ya sa hularsa ta fita, har da biro a aljihu.

"Kai kuma ina za ka da biro?" ta tambaye shi.

"In abin ya sake zagaye, wa za ki tambaya?"

"Kai dai ka ce kana son ganin allo yana gudu."

Bai musa ba. Ta hau baya ta gyara jakar a cinyarta, ta ce ya bi ta hanyar kasuwa don tana son sayen sabon littafin rubutu, wancan ya cika.